Darasi: Idon Jama'a da Halin Mutum

Duk wanda ya bi hanyar Sakkwato zuwa Jega a watan Maris, tun kafin ya shiga Aliero warin albasa zai tarye shi. Ga buhuna jibge a bakin titi, ga manyan motoci ana musu lodi zuwa Legas da Ibadan, dillalai na ta kai da komowa. A lokacin ne albasa ta fi araha, domin kowa ya cire tasa tare da ta kowa. Idan ka tambayi manomi abin da ya sa bana ya ƙara yawan dashensa, zai ce maka lissafi ya yi. In kuwa ka zauna har hira ta yi nisa, sai ka ji asalin maganar: bara wane ya ajiye tasa a rudu har ta yi tsada, ya sayar, ya sayi babur, ya aurar da ɗiyarsa, har ana raɗe-raɗin ya biya kujerar Makka. Lissafin yana nan, amma ido ne ya riga shi. A ƙarshen 2020 albasa ta yi tsadar da sai da aka riƙa maganarta a rediyo da jaridu, ba a yi wata huɗu ba sabuwa ta fito farashin ya faɗi warwas. Waɗanda suka shiga sana'ar don ganin ribar maƙwabci su suka fi jin jiki.

Akwai wani reshe na ilimin halayyar ɗan Adam wanda aikinsa ke nan: nazarin yadda kasancewar wasu mutane ke juya tunaninmu da ayyukanmu da abin da muke ji a zuci, ko suna tare da mu, ko kuwa tuna su kawai muka yi. Masu wannan fanni ba su tsaya ga hasashe ba. Sukan shirya gwaji, su sa mutane a wani yanayi, su canza abu ɗaya tak, sannan su ƙirga abin da ya biyo baya. A wannan darasi za mu ɗauko wasu daga cikin gwaje-gwajen, mu auna su da rayuwar da muka sani a Jega da Aliero da ƙauyukan Maiyama irin su Kuberi da Andarai da Sambawa.

Layi uku a kan kati

A shekarun 1950 wani malamin jami'a a Amurka mai suna Solomon Asch ya fitar da sakamakon wani gwaji mai sauƙi. Yakan tara ɗalibai bakwai zuwa tara a ɗaki, ya ɗaga kati biyu. Na farko da layi ɗaya a zane, na biyu da layi uku masu tsawo daban-daban. Tambayar ita ce: wanne daga cikin ukun ne tsawonsa ya yi daidai da na katin farko? Amsar a fili take, ko yaro zai gane. Sai dai duk waɗanda ke ɗakin an haɗa baki da su, ban da mutum ɗaya, kuma an zaunar da shi inda sai kusan kowa ya yi magana kafin a zo kansa. Sau 18 ake ɗaga katin. A 12 daga ciki, sai 'yan haɗin bakin su faɗi amsar da ba daidai ba, ɗaya bayan ɗaya, fuska a sake.

Ka sa kanka a matsayin bawan Allahn nan. Idonka na gaya maka layi na biyu ne, mutum shida a gabanka sun ce na uku. Yanzu an juyo ana kallonka.

Da aka haɗa sakamakon, kusan kashi 37 cikin 100 na amsoshin sun bi kuskuren taron. Mutum uku cikin kowane huɗu sun bi aƙalla sau ɗaya. Amma idan aka bar mutum shi kaɗai da katin, kuskure bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Ke nan ba idonsu ne ya samu matsala ba. Wasunsu daga baya sun ce sun ɗauka su ne ba su fahimci tambayar ba, wasu kuma sun ce sun san gaskiya sarai, ba sa dai son a ga sun fita daban.

Waɗannan dalilai biyu ba ɗaya ba ne, kuma ya kamata ɗalibi ya iya raba su. Na farko shi ne bin jama'a don kana ganin sun san abin da ba ka sani ba. Wannan sau da yawa hankali ne. Manomin da ya jira ya ga yadda sabon irin shinkafa ya yi a fadamar maƙwabcinsa kafin ya zuba kuɗinsa ba wawa ba ne. A 1943 wasu masu bincike biyu, Bryce Ryan da Neal Gross, sun bi diddigin yadda manoma 259 a jihar Iowa ta Amurka suka karɓi sabon irin masara. Yawancinsu daga bakin masu talla suka fara jin labarinsa, amma maganar maƙwabta ce ta fi sa su shuka, kuma ko da suka yarda, a ɗan gefen gona suka fara gwadawa. Haka ma mai karaya da ake ɗaukowa daga nesa zuwa wurin masu ɗori na Aliero: abin da ya kawo shi shaidar wani ne da ya sani, wanda ya gani da idonsa yana takawa. Abin lura a nan kawai shi ne, wanda ya warke shi ke yawo kasuwa ana ganinsa, wanda ƙafarsa ta ƙi kuwa yana kwance a ɗaki. Shaidar ido gaskiya ce, amma ba duka shaidun ne ke fitowa fili ba.

Dalili na biyu shi ne tsoron zama saniyar ware. Shi ne ke sa magidanci ya sayar da ɗan maraƙin da yake kiwo don kayan ɗakin ɗiyarsa su kai na gidan wane, alhali shi da matarsa da surukansa duk sun san abin ya fi ƙarfinsa. Kowa a unguwar na kuka da tsadar biki a ɓoye, kowa kuma na ƙara mata tsada a sarari.

Asch ya sake gwajin da ɗan canji: ya sa mutum ɗaya daga cikin 'yan haɗin bakin ya riƙa faɗin gaskiya. Nan take bin kuskure ya ragu zuwa kusan kashi ɗaya bisa huɗu na yadda yake a da. A ganina wannan ne sashen gwajin da ya fi amfani gare mu. A taron ƙungiyar manoma, idan shugaba ya kawo shawara aka yi tsit, ba lalle ne an gamsu ba. Sai wani ya yi gyaran murya ya ce, "Ranka ya daɗe, a gafarce ni, ni dai wannan lissafin bai fito mini ba," sannan za ka ji daga can baya, "Wallahi nima abin da ke raina ke nan, Alhaji." Da farko mutum ɗaya ne, kafin a tashi an zama biyar.

Kada mu ɗauka ko'ina nauyin taro ɗaya ne. A 1967 John Berry ya yi irin wannan gwaji da mutanen Temne, manoma shinkafa na ƙasar Saliyo, da kuma Inuit, mafarautan yankin ƙanƙara na arewacin Kanada. Temne sun fi bin abin da aka ce musu ra'ayin jama'arsu ne, nesa ba kusa ba. Bayaninsa shi ne, manomi sai da haɗin kai yake shuka da girbi da tattalin rumbu har wata shekara, mafarauci kuwa shi kaɗai yake fita, dole ya amince da idonsa. Mu manoma ne. Yawan waiwayen da muke yi mu ga abin da sauran ke ciki yana da tushe, ba rauni ba ne kawai.

Gayya, bashi da adashi

Wani injiniyan aikin gona a Faransa, Max Ringelmann, ya sa mutane jan igiya yana auna ƙarfinsu, ya buga sakamakon a 1913. Da mutum ɗaya ne, yakan ja iyakar ƙarfinsa. Da aka haɗa takwas, kowannensu bai fi rabin ƙarfin da yake da shi ya bayar ba. Wani ɓangare na asarar rashin jan tare ne, amma masu binciken da suka biyo baya sun nuna har da sakin jiki: in ba a san gwargwadon abin da kowa ya yi ba, kowa sai ya rage. Sun kuma nuna maganin, wato a sa aikin kowane mutum ya fito a gane nasa ne.

Kakanninmu ba su karanta Ringelmann ba, amma dubi yadda suka tsara gayya. Ba a cewa samari ku shiga gona ku yi ta yi. Ana jera su, kowa da layinsa, a tashi tare daga wannan bakin gona zuwa wancan. Wanda aka bari a baya, bayansa a fili yake. Ga makaɗan noma suna kiran mutum da sunansa da na ubansa, ga masu kawo fura suna kallo daga gindin itace. Saurayin da zai yi nawa a gonar gidansu, a nan sai ka gan shi yana haɗa gumi kamar zai karya fartanya.

Yanzu mu kawo misalin da ya taɓa kusan kowane gari a jihar Kebbi. A watan Nuwamba na 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya zo Birnin Kebbi ya ƙaddamar da shirin bashin noma na Babban Bankin Najeriya mai suna Anchor Borrowers. An ba manoma iri da taki da maganin feshi da injin ban-ruwa ta hannun ƙungiyoyi, noman shinkafar rani ya bunƙasa. Da aka zo biya sai labari ya sha bamban. A 2023 Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya ce kashi 24 cikin 100 kawai aka mayar a faɗin ƙasa, Babban Banki ya musanta ya ce an haura rabi kaɗan. Ko wanne ka ɗauka, kuɗi masu yawa ba su dawo ba. Akwai dalilai na gaskiya: ambaliyar 2020 ta cinye gonaki da dama a Kebbi, wasu an kai musu kaya a makare, wasu masu suna a takarda ko fartanya ba su taɓa riƙewa ba. Amma akwai kuma maganar da aka riƙa yi a wuraren hira, cewa kuɗin gwamnati ne, rabonmu ne, kuma wa ka ga ya biya?

To ga abin tambaya. A gidan mutumin da bai biya wancan bashi ba, matarsa na zubin adashi duk mako, ba ta taɓa tsallake ko ɗaya ba, ko da sai ta sayar da kaza. Shi kansa in ya karɓi taki bashi a hannun wani ɗan kasuwa a Jega, yana sayar da amfani zai kai masa. Shin mutanen banza ne ko mutanen kirki? Tambayar ce ba ta zauna daidai ba. Uwar adashi ta san fuskar kowa, kuma duk wadda ta saɓa, kafin la'asar zancen ya zaga unguwa. Banki kuwa ba ya zuwa suna, ba a haɗuwa da shi a masallaci.

Hali zanen dutse ne?

Muna cewa hali zanen dutse, kuma akwai gaskiya a ciki, domin mutane sun bambanta. Ko a gwajin Asch, mutum ɗaya cikin huɗu bai taɓa bin taron ba ko sau ɗaya. Sai dai masana sun lura muna saurin jingina aikin wani ga halinsa, mu manta da yanayin da yake ciki. Lee Ross, wani malami a Jami'ar Stanford, ya yi rubutu a kan wannan a 1977, ya ɗauke shi a matsayin kuskure na asali a yadda muke yi wa juna hukunci. Idan ɗan acaɓa ya wuce ka bai gaishe ka ba, girman kai ne. Idan kai ka wuce wani ba ka gaishe shi ba, ai hankalinka ne ya tafi wurin yaron da ka baro da zazzaɓi. Laifi tudu ne.

A 1973 John Darley da Daniel Batson sun gwada ɗaliban wata makarantar horar da limaman Kirista a Princeton. An ce wa kowanne ya tafi wani gini ya gabatar da ɗan jawabi. Wasu ma an ba su su yi magana ne a kan ƙissar mutumin da ya taimaki wanda 'yan fashi suka yasar a hanya. An ce wa wasu sun makara su yi sauri, wasu kuma an ce da sauran lokaci. A kan hanyar an ajiye wani mutum a duƙe a bakin ƙofa yana tari yana nishi. Cikin waɗanda ba sa sauri, kashi 63 cikin 100 sun tsaya. Cikin masu sauri, kashi 10. Ɗaliban 40 ne kawai, saboda haka ba za a gina hukunci babba a kansu ba, amma abin da ya raba su ya isa a yi tunani: ba zurfin karatun addini ba ne, agogo ne.

Wannan ba hanyar wanke mai laifi ba ce. Amfaninsa shi ne, kafin uwar gida ta yanke cewa amarya raini ne ya hana ta fitowa tsakar gida, ko manomi ya yanke cewa makiyayi mugunta ce ta sa shanunsa suka ratsa ta gefen gona, a tsaya a tambaya ko akwai abin da ba a gani ba. Wataƙila amarya laulayi take yi tana jin nauyin faɗa. Wataƙila burtalin da ake bi a da an nome shi.

Kunya da hassada

Muna ɗaukar abin da zuciya ke ji a matsayin sirrin mutum shi kaɗai, amma da yawansa sai da wasu yake samuwa. Kunya ita ce misali mafi kusa. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, suruki ba ya cin abinci gaban surukinsa, yaro na sunkuyar da kai gaban malaminsa. Ba wanda aka haifa da waɗannan, koyonsu aka yi tun ana goye, har suka zama abin da jiki ke ji da kansa. Anthony Kirk-Greene, Baturen da ya yi aiki a Arewa ya kuma koyar a Zariya, ya sa kunya cikin siffofin mutumin kirki a wurin Hausawa a ɗan littafinsa na 1974, tare da gaskiya da amana da haƙuri da sauransu. Kunya ce ke riƙe da adashin da muka ambata. Ita ce kuma ke sa mace ta ɓoye ciwo wata da watanni don ma'aikacin asibiti namiji ne, ita ce ke sa dattijo ya ƙi shiga ajin yaƙi da jahilci don kada a gan shi riƙe da fensir. Duk wanda ke zaune a ajin nan ya riga ya tsallake wannan, ya san nauyinta.

Hassada kuwa tana da ƙa'idar da Leon Festinger ya bayyana a 1954: inda babu ma'auni tsayayye, mutum da wasu yake auna kansa, kuma waɗanda suka yi kama da shi yake zaɓa. Shi ya sa dukiyar Aliko Ɗangote ba ta hana manomin Kuberi barci, amma rufin kwanon da abokin tasowarsa ya yi bana zai iya hana shi. Wayar hannu ta ƙara dagula lamarin. Da, sa'o'inka su ne na garinku. Yanzu saurayi na kwance a ɗaki yana kallon hotunan sa'o'insa na Abuja da Dubai a Facebook da TikTok, kowa ya ɗora ranar da ya fi kyau, ba wanda ya ɗora ranar da mai gidan haya ya zo karɓar kuɗi.

Taro a bakin titi

Babbar hanyar da ta taso daga Jega ta ratsa Maiyama zuwa Koko da Yawuri ba ta rabuwa da manyan motoci, kuma kowa a nan ya taɓa ganin hatsari. Ga gwajin da ya nuna yadda taro ke yi a irin wannan lokaci. A 1968 Darley da abokin aikinsa Bibb Latané sun zaunar da ɗalibai kowa a ɗakinsa, suna magana da juna ta na'ura, sai suka ji kamar farfaɗiya ta kama ɗayansu yana neman taimako. Waɗanda suka ɗauka su kaɗai ke jinsa, kashi 85 cikin 100 sun tashi neman agaji kafin muryar ta yanke. Waɗanda suka ɗauka akwai wasu mutum huɗu da ke ji, kashi 31 ne suka tashi. Ba rashin tausayi ba ne, domin an tarar da da yawansu hannu na rawa. Nauyin ne ya rarrabu, kowa na jiran wani.

Kada wannan ya sa mu yanke ƙauna. A 2019 wasu masu bincike sun duba faifan kyamarorin titi na rigingimu 219 a biranen Amsterdam da Lancaster da Cape Town, suka ga a tara cikin goma an samu aƙalla mutum ɗaya da ya shiga tsakani, kuma yawan jama'a na ƙara yiwuwar a samu wannan ɗayan. A garuruwanmu ma da wuya a bar mutum kwance ba a taru ba. Matsalarmu ita ce a taru ɗin, ana salati, wasu na ɗaukar hoto, wasu na tsoron su kai shi asibiti a riƙe su da tambayoyi, minti goma su wuce ba wanda ya tsayar da mota. Abin da binciken ya koyar shi ne a daina kiran "jama'a a taimaka", a nuna mutum ɗaya: "Kai mai jar hula, tsayar mana da motar can. Baba, don Allah riƙe masa kai kada ya motsa. Ke 'yar'uwa, ara mana gyalenki mu ɗaure jinin nan." Wanda aka nuna da yatsa da wuya ya noƙe.

Aikin aji da na gida

Ku kasu gida uku. Kashi na farko su tattauna wata al'adar biki ko suna a garinsu wadda kowa ke kuka da ita amma ba wanda ya fara bari, su faɗi wane ne in ya fara za a bi shi, da dalilin da ya sa shi. Kashi na biyu su kwatanta yadda ake biyan adashi da yadda ake biyan bashin ƙungiya, su kawo shawarar abin da za a ɗauko daga wannan a kai wancan. Kashi na uku su shirya ɗan wasan kwaikwayo na hatsarin babur a bakin kasuwa, sau ɗaya ba mai ba da umarni, sau ɗaya da mai nuna kowa da aikinsa.

A gida kuma, kowa ya tuna wani mutum da ya yi wa hukunci a cikin makon nan, ya ce mai rowa ne ko mai girman kai ko malalaci. Ba sai an rubuta sunansa ba. A rubuta jimla uku a kan halin da wataƙila yake ciki a ranar, a zo da su darasi na gaba.